Haƙƙin Maƙwabci Ma Abin Koyarwa Ne a Taron Gama Kai

A wannan fitowa mun ajiye zancen gero mai saurin nuna da maganin ƙwarin rumbu, domin mu kawo shawara ɗaya gaban kowace ƙungiyar gama kai ta ikkilisiya. Shawarar ita ce, a keɓe ɗan lokaci a taron wata-wata domin koyar da haƙƙin ɗan Adam da harshen Hausa, a kuma gayyaci maƙwabtanmu Musulmi su zauna tare da mu. Mun san wani zai ce, ina ruwan manomi da zancen lauyoyi? To, ku ara mana kunnuwanku, mu fara daga birnin Sakkwato.

Ran Alhamis 12 ga Mayu 2022, a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, waɗansu ɗalibai suka jejjefi wata ɗaliba 'yar'uwarsu, Deborah Samuel, har ta mutu, suka kuma sa wa gawarta wuta. Zargin da aka yi mata shi ne ta yi ɓatanci ga Annabi Muhammadu cikin wani saƙon murya da ta aika a zauren WhatsApp na ajinsu. Ita 'yar Tungan Magajiya ce a ƙasar Rijau, Jihar Neja. Majalisar Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar ta fito fili ta yi tir da kisan, ta ce a hukunta masu laifi. Bishop Matthew Kukah na Katolika shi ma ya yi tir, ya roƙi masu bi su kwantar da hankali, ya ce a ɗauki abin a matsayin aikin ta'asa wanda doka za ta bi. Aka rufe kwalejin, aka kama mutum 2. Ran Asabar 14 ga wata matasa suka fito zanga-zanga suna neman a sake su, aka kai wa majami'u da shaguna farmaki, har gwamna na lokacin, Aminu Waziri Tambuwal, ya sa dokar hana fita ta sa'a 24 a cikin birni.

Abin da ya fi tsaya mana a rai, mu da muka fito daga kwalejin horon malamai, shi ne wurin da abin ya faru. Makarantar koyon aikin malanta ce. Waɗanda suka ɗauki duwatsu a ranar, su ne ake shirin miƙa wa alli da rajista, a tura su ƙauyuka su koyar da 'ya'yanmu da 'ya'yan maƙwabtanmu. Yawancinsu sun yi darasin sanin haƙƙin ɗan ƙasa a sakandare, wataƙila ma sun ci jarrabawarsa. Amma an koya musu shi da Turanci, sun haddace domin su sami maki, ya zauna a littafin rubutu bai sauka zuci ba. Kowane malamin gona ya san irin wannan. Sau nawa muka ga an raba takardar yadda ake zuba takin zamani, aka kai ta gida aka ƙunshe ƙosai da ita?

Kada wani ya ɗauka cewa wannan wuta Kirista kaɗai take ci. Shekara guda da 'yan makonni bayan haka, ran Lahadi 25 ga Yuni 2023, a mahautar birnin Sakkwato, taron mutane suka jefe wani mahauci mai suna Usman Buda bisa irin wannan zargi. Musulmi ne, yana neman abincinsa a cikin 'yan'uwansa mahauta. Ba alƙalin da ya saurare shi, ba wanda ya ba shi zarafin ya bayyana abin da yake nufi da maganarsa. Da ihu ya tashi, shi ke nan.

Kada kuma mu yi tsammani hannunmu a wanke yake. Ran 14 ga Agusta 2021, a hanyar Rukuba cikin Jos, aka tare motocin matafiya Musulmi waɗanda suke dawowa daga taron addini a Bauci za su Jihar Ondo, aka kashe fiye da mutum 20. A watan Maris 2025, a garin Uromi na Jihar Edo, aka tare mafarauta 'yan Arewa masu komawa Kano domin Salla, aka ce masu satar mutane ne, aka kashe 16. Waɗannan wurare ne da masu zuwa majami'a suke da rinjaye. Idan muka yi kukan Deborah muka yi shiru a kan waɗannan, maƙwabcinmu zai lura, zai kuma gane cewa haƙƙin da muke wa'azi namu ne mu kaɗai. Irin wannan koyarwa ba za ta kawo salama ba. Ƙara wa kowa jin an zalunce shi kawai za ta yi.

To, mene ne haƙƙin nan da muke so a koyar? Yana rubuce a babi na 4 na tsarin mulkin Nijeriya na 1999, ba shi da wuyar ganewa in an juya shi da Hausa. Sashe na 33 ya tsare ran kowane mutum. Sashe na 34 ya hana azabtar da mutum ko wulaƙanta shi. Sashe na 36 ya ce duk wanda aka zarga da laifi, a ɗauke shi marar laifi har sai kotu ta tabbatar, a kuma ba shi damar kare kansa. Sashe na 38 ya ba kowa 'yancin bin addinin da ya ga dama, da sauya shi, da yin sujada shi kaɗai ko tare da jama'a. Sashe na 42 ya hana hukuma ta nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda addininsa ko ƙabilarsa ko garin da ya fito. Can baya kuma, sashe na 10 ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ta ɗauki wani addini ya zama addinin gwamnati. Duk wannan ba zai cika shafi biyu na littafin rubutun yara ba.

Akwai masu cewa ai wannan kayan Turawa ne aka jibge mana. Gaskiya ne Majalisar Ɗinkin Duniya ce ta fitar da sanarwar haƙƙin ɗan Adam ran 10 ga Disamba 1948 a birnin Faris, mai sassa 30, an kuma fassara ta da Hausa. Amma ku dubi yadda abin ya shigo dokar ƙasarmu. A 1957, sa'ad da 'yancin kai ya gabato, ƙananan ƙabilu suka nuna tsoron cewa manya za su danne su bayan tafiyar Turawa. Cikinsu har da iyayenmu na tsakiyar Arewa. Aka kafa kwamiti a ƙarƙashin Henry Willink, ya zaga ƙasa yana jin koke-koke. A rahotonsa na 1958 bai yarda a ƙirƙiro sababbin jihohi ba, sai ya ba da shawara a rubuta haƙƙoƙin mutane cikin tsarin mulki. Haka aka yi, suka shiga tsarin mulkin 1960. Watau kukan kakanninmu ne ya jawo su. Bayan haka shugabannin Afirka da kansu suka amince da yarjejeniyar haƙƙin ɗan Adam ta Afirka a Nairobi a 1981, Nijeriya kuwa ta mai da ita dokar gida a 1983.

Darasi na fari da ya kamata kowane ɗan ƙungiya ya riƙe shi ne, taron jama'a ba kotu ba ne. Sakkwato ɗin nan ta ba mu misali mai kyau. A watan Oktoba 2001 kotun Shari'a a Gwadabawa ta yanke wa wata mata 'yar Tungar Tudu, Safiya Hussaini, hukuncin jefewa bisa zargin zina. Mace ce Musulma, matalauciya, 'yar ƙauye. Aka ɗaukaka ƙara. Ran 25 ga Maris 2002 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Sakkwato ta soke hukuncin, Safiya ta koma gida da ranta. Ku lura, alƙalai Musulmi ne suka duba aikin alƙali Musulmi suka ga kuskure, suka gyara. Kotu tana iya kuskure, amma akwai wata a bisanta. Dutsen da ya bar hannu fa, wa zai ɗaukaka ƙararsa? Wannan magana ce da limamin unguwa zai yarda da ita kafin ma mu gama faɗa, gama malaman Musulunci da yawa sun sha bayyana cewa zartar da hukunci aikin hukuma ne, ba na kowa da kowa ba.

Mu masu bi ma ba baƙi ba ne ga wannan. A Ayyukan Manzanni sura 19, maƙeran azurfa na Afisa sun tada gari saboda wa'azin Bulus yana taɓa cinikinsu da allahiyarsu. Jama'a suka cika dandali suna ihu wajen sa'a biyu, yawancinsu ba su ma san dalilin taruwar ba. Wanda ya kashe wutar magatakardan gari ne, shi kuwa ba mai bi ba ne. Ya tuna musu cewa akwai kotuna da mahukunta, mai ƙara ya kai ƙararsa can, sa'an nan ya sallami taron. Bulus kansa ya san haƙƙinsa na ɗan ƙasar Roma sarai. Ya yi amfani da shi a Filibi bayan an yi masa bulala ba tare da shari'a ba, ya yi amfani da shi a Urushalima, daga bisani ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar. Saboda haka dattijon da yake cewa sanin doka rashin bangaskiya ne, ya sake buɗe Littafinsa.

Akwai kuma abin da ya kamata a nuna wa matasanmu. Ranar da aka jefe Istifanas, ba a ce Shawulu ya ɗauki dutse ba. Tsaron tufafin masu jifa ya yi, yana goyon bayansu. Duk da haka, shekaru da yawa bayan tubarsa bai daina lissafta abin cikin laifofinsa ba. Yau mai tsaron tufafi shi ne mai ɗaga waya yana ɗaukar hoto, da mai tura saƙon zuga daga wannan zaure zuwa wancan.

Girmama addinin wani yana da nasa rabo a wannan darasi, kada mu tsallake shi. 'Yancin magana bai ba ɗanmu izinin zagin abin da maƙwabcinsa yake ɗaukaka ba. Musulmi yana ƙaunar Annabinsa fiye da ransa, wanda duk ya zauna a ƙasar Hausa ya san haka. Dokar laifuffuka ta Arewa, tun zamanin samun 'yancin kai, ta hana cin mutuncin addinin wani. Mu koya wa yaranmu su riƙe harshensu, a baki da a waya, saboda ladabi da ƙaunar maƙwabci, ba saboda tsoro kaɗai ba. Haka nan muna da iko mu nemi a daina kiranmu arna a kasuwa da cikin mota. Amma a nan sai mu tsaya da kyau: ko da an tabbatar wani ya yi zagi, wurin da za a kai shi gaban alƙali ne. Duk wanda ya ce ai ita ta jawo wa kanta, ya riga ya buɗe ƙofar da za a shigo a kashe nasa gobe bisa ƙarya. Mai bin bashi, da abokin gasa a kasuwa, da saurayin da aka ƙi, kowannensu zai iya ɗaga murya ya yi ƙage.

Har wa yau, kada manomi ya ga kamar haƙƙin ɗan Adam zancen masallaci da majami'a ne kaɗai. Tsofaffinmu suna tune da Bakolori. An gama madatsar ruwan a kan Gulbin Sakkwato kusa da Talatar Mafara a 1978, lokacin tana cikin tsohuwar Jihar Sakkwato, yanzu kuwa Zamfara. Aka karɓe gonakin dubban manoma, diyya ta yi ta jan ƙafa, waɗansu aka mayar da su ƙasa marar albarka. Da suka tare hanyoyin aikin suna neman haƙƙinsu, a watan Afrilu 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta. Gwamnati ta faɗi adadi kaɗan na waɗanda suka mutu, mutanen wurin suka ce ɗaruruwa ne. Manoman nan Musulmi ne. Dokar da ta ce a biya diyya ba da jinkiri ba in hukuma ta karɓi dukiyar mutum, wadda yau take sashe na 44, tana cikin babi ɗaya da dokar 'yancin addini. Wanda ya yarda a yage shafi ɗaya don bai shafe shi ba, ranar da zai nemi nasa shafin zai tarar littafin ya warwatse. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. 'Yan bindigar da suka addabi Isa da Sabon Birni da Goronyo ma ba sa tambayar manomi addininsa kafin su sa masa harajin girbi.

Yaya za a koyar? A nan ma ba sai mun je nesa aron dabara ba. Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta ga matan ƙauye ba za su iya zuwa makarantun birni ba. Sai ta horar da dattijan mata da ake kira jaji, ta naɗa musu malfa, suna tafiya tsakanin ƙauyuka da gidanta suna kai karatu cikin waƙoƙin Hausa da Fulatanci masu sauƙin haddacewa. Su ne 'Yan Taru. Aikin malamin gona ke nan tun kafin a san sunansa: a ɗauki ilimi a kai wa mutum inda yake, da harshen da yake mafarki da shi, ta bakin wanda ya amince da shi. Muna da zumuntar mata, muna da ƙungiyar matasa, muna da masu bishara a ƙauyukan da mota ba ta shiga da damina. Hanyar a shimfiɗe take.

A ganinmu minti 20 ya isa a kowane taro, bayan an gama lissafin adashi da bashin taki. A ɗauki sashe ɗaya, a karanta shi da Hausa, sa'an nan a kawo misali daga cikin gari a tattauna. Shanun Bafillace sun shiga gonar wake, matasa sun kama yaron da yake kiwo: me sashe na 34 ya ce a kan dukansa, wa ya kamata a kira, mai unguwa ne ko arɗo ko 'yan sanda? An kama wani da akuyar sata a kasuwa, jama'a sun fara neman taya da fetur: ina dattijon da zai yi aikin magatakardan Afisa? An kawo taki ta hannun ƙaramar hukuma, aka tsallake unguwar masu bi: wa za a rubuta wa, da wane sashe za a kafa hujja? A juya tambayar kuma. Ikkilisiya ta haƙa rijiya, ko ta sami irin shuka daga masu taimako: maƙwabci Musulmi yana da rabo, ko sai ya zo sujada tukuna? Sashe na 38 ya ce kada a tilasta wa ɗan makaranta darasin addinin da ba nasa ba, ba da yardar iyayensa ba. Muna son wannan doka sa'ad da 'ya'yanmu suke makarantar gwamnati a Sakkwato ko Gusau. To, ta hau kanmu daidai wa daida sa'ad da ɗan Musulmi yake ajin makarantar mishan.

Batun gayyatar maƙwabta, a bi shi da ladabi. A fara zuwa gaida mai unguwa da liman, a gaya musu abin da ake nufi, kada su ji a bakin wani. Kada a sa taron a lokacin sallar Juma'a, kada kuma a yi shi a cikin majami'a. Gindin bishiya ko ajin firamare ya fi, inda kowa zai shigo ba tare da ɗari-ɗari ba. A bar liman ya faɗi abin da addininsa ya koyar a kan ran ɗan Adam da haƙƙin maƙwabtaka, za ku yi mamakin yawan wuraren da bakinku zai zo ɗaya. Kada kowa ya mai da zaman wurin jayayyar wane addini ne gaskiya, wannan yana da nasa lokaci. Manyanmu sun riga mu zama a tabarma ɗaya. Tun 1999 akwai majalisar haɗin kan addinai ta ƙasa, wadda Sarkin Musulmi da shugaban ƙungiyar Kiristoci suke jagoranta tare. A Kaduna, Liman Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, waɗanda suka yaƙi juna a rikicin 1992 har faston ya rasa hannu, sun haɗa kai tun 1995 suna sasanta jama'a. Sai dai taron manya a otal ba ya kaiwa bakin rijiya in ba mu muka kai shi ba.

Akwai tambaya mai nauyi da za a yi muku, kada ku kauce mata. Za a ce, takardar doka ta ceci Deborah? Ba ta cece ta ba. Mutum 2 da aka kama ma, an tuhume su da haɗa baki da tada hankalin jama'a ne, ba kisan kai ba, a farkon 2023 kuma kotu ta sallame su don masu gabatar da ƙara sun daina zuwa. Wannan abin kunya ne ga hukuma, muna da iko mu faɗa, mu kuma ci gaba da faɗa. Koyarwa ba ta maye gurbin ɗan sanda da alƙali. Amma hukuma takan yi sakaci ne inda ta san ba mai tambaya, mutumin da bai san an rubuta masa haƙƙi ba kuwa ba zai tambaya ba. Kowane taron jifa kuma yana farawa ne da mutum biyu ko uku masu ihu, sauran suna kallon fuskokin juna su ga ko wani zai hana. Ran 23 ga Yuni 2018, a ƙauyen Nghar cikin Barikin Ladi, Liman Abubakar Abdullahi, tsoho mai shekara fiye da 80, ya ɓoye Kiristoci fiye da 200 a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya hana mahara shiga. Irin wannan mutum muke so a samu a kowane ƙauye, a cikinsu da a cikinmu, kafin ranar ta zo.

Saboda haka muna roƙon kowane magatakardan ƙungiya ya sa wannan batu a jerin abubuwan taro mai zuwa. A zaɓi mutum biyu, namiji da mace, masu karatun Hausa sosai, su riƙa jagorantar darasin. A nemi malamin makaranta ko wani lauya ɗan ikkilisiya ya taimaka da fassarar sassan nan, a kwafe su a bayan littafin rajista. A ƙarƙashinsu a rubuta lambar wayar mai unguwa, da ta liman, da ta fasto, da ta baturen 'yan sanda na yanki, da adireshin ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa mafi kusa, wadda aka kafa tun 1995 domin karɓar irin waɗannan koke-koke. Ƙungiyar da ta fara, ta aiko mana da labarin yadda zaman ya kasance da tambayoyin da suka gagari amsa, za mu nemi masana doka su amsa su a fitowa ta gaba.